Ƙofar Motar Madara

Ƙarar faɗuwar gwangwani na fara ji, sannan salati. Ina bakin matakalar gidanmu da makulli a hannu, na riga na makara aiki, na waiga sai ga Baba Sharfuddeen a ƙasa jikin bangon gidansa, kujerar robar da ya taka ta kife gefe. Shuɗin fenti ya malale a farar jallabiyarsa har yana ɗiga a takalmi. Na tsallaka titi a guje, ni da rabona da gudu tun ina sakandare a Kano.

"Baba, me ya kai ku hawa kujera, fisabilillahi?"

Numfashi yake sama-sama, leɓensa ya bushe, amma hannunsa na dama a dunƙule yake gam. Da na ɓamɓare yatsun sai na ga guntun alli ne, irin na 'yan makaranta.

"Daktor," ya ce da ƙyar, "layin ya fita? Duba mini."

Mutum yana neman shiɗewa, wai layi. Amma na ɗaga kai na duba, don na san halinsa, in ban duba ba ba zai yarda a ɗaga shi ba. Motar madarar tana nan yadda duk unguwa ta san ta, girmanta ya cinye bangon daga bakin ƙofar gida har kwana: shuɗiya mai dogon hanci, da fitilu zagayayyu, da tulunan ƙarfe jere a bayanta an ɗaure su da igiya. Ƙofar direba a wangale, kujera ba kowa, sai ƙullin ganyen na'ana'a a kanta. Abin da ya ƙaru shi ne wani siririn farin layi da aka ja da alli, ya zagaye ramin ƙofar, ya ratsa ta kan kujerar. Na ce masa ya fita raɗau. Sai a lokacin ya saki jiki, muka ɗauke shi ni da mai baƙalar kusa da mu, wato kantin kayan masarufi, muka sa a motata.

Ni ba likita ba ne. Magani nake sayarwa a wata saidaliyya a Sultana, amma a Madina duk wanda ya sa farar riga ya tsaya bayan kanta sunansa daktor, na gaji da gyarawa na haƙura. Sunana Ɗayyabu. Tun da na kama haya a Harra ta Gabas gidana ke kallon na Baba Sharfuddeen, kuma shi ne mutum na farko da ya yi mini sallama da Hausa a layin nan. Wata irin Hausa ce da rabona da jin ta tun bakin kakata. A Madina aka haife shi, ɗan ƙasa ne da takardunsa, bai taɓa taka Najeriya ba. Mahaifinsa ne ya taso daga Katagum a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana noma yana matsowa, har Allah ya kawo shi. Ina tsokanarsa in ce Hausarsa ta kwana, shi kuma ya ce tamu ta Kano Bature ya zuba mata ruwa.

A ƙuruciyarsa direban madara ne na wata gonar shanu da ke wajen Aƙiƙ. Ana idar da asuba zai loda tuluna ya shigo gari, ya bi masu shayi da gidajen burodi da lungunan da ke kewaye da Harami yana aunawa. Lungunan nan duk babu su yanzu, sun koma farfajiya da otal-otal. Gonar ta tashi, motar an sayar wa masu gwangwan, ko hotonta ɗaya bai rage ba. Bayan rasuwar matarsa Ƙaltume ne ya fara zana ta. A jikin katako ya fara, da murfin bokiti, da duk abin da ya samu mai faɗi, yana rabawa maƙwabta. Akwai ɗaya rataye a baƙala saman buhunan shinkafa, akwai ɗaya a falona da matata Wafa ta yi ta mita a kai har ta saba. Daga baya ya ce allunan sun yi mata kaɗan, ya koma bango.

Yara in sun taso daga makaranta sukan tsaya su tambaye shi ina direban. Ya ce musu ya shiga wani gida zuba madara, yanzu zai fito. Gaskiyar maganar ita ce Baba ba ya zana abu mai rai, ko kyanwa ce. Ya ce ya ji daga bakin malamai tun yana yaro, kuma ba zai tsufa ya ɗauko wa kansa abin da zai hana shi barci ba. Saboda haka a duk zanensa ba mutum, ba saniya, ba tsuntsu. Mota ce kawai tsaye, ƙofa a buɗe, kamar ka miƙa hannu ka ji ɗumin inji.

Likitoci suka ce zuciya ce, kuma ta gaji. Suka riƙe shi 'yan kwanaki suka sallamo shi da buhun magunguna da gargaɗin kada ya ƙara fita rana. Ɗansa Suhaib, injiniya ne da ke zaune a Aƙiƙ da iyalinsa, shi ya dawo da shi gida. Dogon mutum ne mai tsabta, ba ruwansa da kowa, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, har ga ubansa. Abin da na fi lura da shi a jikinsa farcen babban yatsansa na dama ne, a murɗe yake baƙi ƙirin, yakan ɓoye shi a tafin hannu in yana magana. Ranar da ya dawo da tsohon, kafin ya shiga gida ya tattara gwangwanayen fenti da buroshi da allin duka ya zuba a bayan motarsa ya kulle.

Da la'asar na shiga gaida Baba. Yana kwance a ɗakin da ke kusa da zaure, na'urar sanyi tana ta ƙugi tana ɗigar da ruwa a wani tsohon tulun madara da ya ajiye mata. Ya rame cikin 'yan kwanakin nan, gemun ya yi masa yawa a fuska. Na fara lissafa masa yadda zai sha maganin, ya ɗaga mini hannu wai in bari. Ya ce in zauna, magana zai yi da ni.

Ya ce a gonar da ya yi aiki akwai ƙa'ida. Direba in ya fita rabo ba ya rufe ƙofa, ba ya kashe inji, don tsayuwar ba ta da tsawo kuma madara ba ta jiran kowa a zafin Madina. Sai ya gama zagaye kaf, ya dawo gona, an wanke tuluna, sannan zai kashe mota ya rufe ƙofa da hannunsa. Mai gona in ya hango ƙofa a rufe ya san kowa ya samu madararsa, ba gidan da aka tsallake. In ya gan ta a buɗe, to da saura. Kuma ba wanda yake rufe wa wani. In ciwo ya kama direba, sai dai a kira ɗan gidansu.

"Na gama zagaye, Daktor," ya ce. "Ina ji a jikina. Ba na son in tafi in bar ta a buɗe, mutane su ce Sharfu ya bar aiki da saura."

Na ce haba Baba, zane ne fa a bango. Ya kalle ni irin kallon da ake wa yaron da ya yi magana a gaban manya, har na ji kunya. Don in gyara sai na ce to ya bari gobe in sayo fenti in cike masa layin, ai aikin ɗan lokaci ne.

"Kai maƙwabci ne, Allah ya yi maka albarka. Amma ko ni, ko Suhaib."

Na tambaye shi na'ana'ar fa, ai in ƙofa ta rufu ta ɓace ke nan. Ya yi murmushi. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Wani gida ne mai bene a bayan Harami, kullum da safe ake zuro masa kwando da igiya ta taga, da kwano a ciki, ya zuba madara a ja. Wata safiya kwandon ya sauko da kwano da ƙullin na'ana'a. Bai ga fuska ba, hannu kawai ya gani. Hannun Ƙaltume ne. Bayan an yi aure ma ba ta fasa ba, kullum sai ta ajiye masa a kujera, wai motarsa tsamin nono take yi, ba za ta bari ya kwaso mata shi gida ba. Ya ce abin da ya sa ya yi ta ja da rufe ƙofar ke nan shekara da shekaru.

Wallahi na fito daga ɗakin nan idona ya cika. Na tarar da Suhaib a waje jingine da motarsa yana latsa waya, na zayyane masa komai. Na ce ya fito da fentin, mu ɗauko tsohon a kujera da sassafe kafin rana ta yi zafi, in ma ba zai iya ba shi Suhaib ɗin ya riƙe masa hannu.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya amsa da Larabcinsa mai sanyi. Ya ce bangon nan ne ya kusa kashe masa uba, ba zai sake barinsa ya matso kusa da shi ba. Ya ce ni baƙo ne a garin, ban san me ake nufi da a kira yaro ɗan mai nono a makaranta ba, ga baƙar fata ga warin madara a riga. Ya ce ya yi karatu ya yi aiki don ubansa ya huta a manta da motar nan, shi kuma ya tashi ya manna ta a bango kowa na gani. Da zarar ya samu sarari zai sa a shafe ta da farin fenti, halas, magana ta ƙare.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. Na ce masa motar da yake jin kunya ita ta kai shi inda yake. Ya dube ni ya ce ya sani, ya fi ni sani, ya shiga mota ya ja. Na tsaya a titi ina huci. Amma ko a lokacin na ga idonsa ya yi ja, kuma na san tsoro ne ya fi yawa a maganarsa, ba girman kai ba. Mutum ne da ke ganin ubansa na zamewa daga hannunsa, ya rasa abin kamawa sai gwangwanin fenti.

Kwanakin da suka biyo baya Baba ya yi ta raguwa. Ya daina cin burodin tamis ɗin da yake so, sai ɗan ruwan zamzam da dabino ɗaya da Wafa ke jiƙa masa. Kullum na shiga, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce, ko layin allin yana nan, ko yara sun goge. In ce yana nan. Na ma ja wa yaran layin kunne, na ce duk wanda ya taɓa bangon nan ni da shi ne.

Ranar ƙarshe da na gan shi da rai, Suhaib na zaune a bakin gado yana shafa masa ƙafa. Baba ya buɗe ido ya kira shi da sunan da ban taɓa jin ya kira shi ba.

"Ɗan Ƙaltume. Ka rufe mini ƙofar."

"Bukra in sha Allah, ya abuya," in ji Suhaib, wato gobe. "Ka huta yanzu."

Baba ya kalle shi, ya kalle ni, ya lumshe ido. Bai sake tayar da maganar ba.

Washegari da hantsi ina saidaliyya Wafa ta kira ni. Tana fara sallama na gane. Ta ce Baba ya yi alwala da taimakon ɗansa, ya yi sallar walaha a kwance, ya juya ya fuskanci alƙibla, shi ke nan. Na ajiye wayar a kan kanta, ga mutum tsaye yana miƙo mini takardar magani, na kasa karanta ko harafi ɗaya.

Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, cikin jerin wasu gawawwaki da ba mu san su ba, dubban mutane daga ko'ina a duniya suna yi masa addu'a ba su san ko madara ya taɓa sayarwa ba. Muka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabartar Baƙi'a. A can ba suna, ba alama, dutse ne kawai a kai kamar na kowa. Muna juyowa na waiga, na riga na kasa tantance wanne ne nasa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, sai na ji duk abin da ya rage na Baba Sharfuddeen a bayan ƙasa bangon nan ne.

Da muka dawo unguwa na tarar an jera kujerun zaman makoki a titi, an ja fitilu, an kawo gahawa da dabino. Bangon kuwa an rufe shi ruf da wata ƙatuwar tamfol. Suhaib ne ya sa, saboda surukansa da abokan aikinsa za su zo. A gefe kuma, bayan tankin ruwa, na hango bokitan farin fenti sababbi. Na haɗiye abin da ke bakina, don gidan mutuwa ba wurin faɗa ba ne. Na zauna ina karɓar gaisuwa tare da su.

A yammacin ƙarshe na zaman, bayan magariba, aka kawo wani tsoho a keken guragu, jikarsa na tura shi. Sunansa Bakri, mutumin Chadi ne asalinsa, shi ke wanke tuluna a gonar a zamanin. Ya yi wa Suhaib ta'aziyya, sannan ya ce an gaya masa Sharfu ya zana motar, ina take? Kafin kowa ya ba shi amsa ya sa sandarsa ya ɗage gefen tamfol ɗin. Hasken fitila ya faɗa kan hancin motar da ƙofar. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Ita ce," ya ce. "Har lotsawar da ke gefen fitila. Amma ya bar ta a buɗe." Ya juyo ga Suhaib. "Ba kai ne ka taɓa rufe masa ba?"

Suhaib ya ce shi bai san wannan ba. Bakri ya ce ai dole, lokacin ko tsawon tayar bai kai ba. Zazzaɓi ne ya kama Sharfu a hanya wata rana, da ƙyar ya kawo motar gona, aka kwantar da shi a inuwa yana karkarwa, amma ya ƙi yarda kowa ya taɓa ƙofar. Sai da aka je gida aka ɗauko yaron. Shi Bakri ne ya ɗaga shi sama, yaron ya tura ƙofar da iya ƙarfinsa, ta datse masa yatsa. Ya ce Sharfu ya fi yaron kuka a ranar, ya tashi da zazzaɓinsa ya rungume shi yana ta hura masa yatsan.

Suhaib ya buɗe tafin hannunsa a hankali ya kalli farcen nan. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, mahaifiyarsa ta ce masa ƙofa ce, amma ba ta taɓa faɗa masa wace ƙofa ba. Ya tashi ya shiga gida, bai sake fitowa ba har aka watse.

Da sassafe na leƙa ta taga na ga an kwashe kujeru, an yaye tamfol. Suhaib na tsaye gaban bangon shi kaɗai, da jallabiyar jiya a jikinsa, bayan motarsa a buɗe. Na ce a raina yau za a shafe ta. Na sauko ko takalmin kirki ban sa ba. Da na matso sai na ga bokitan farin fentin suna inda suke ba a taɓa su ba. Ƙaramin gwangwanin shuɗin ne a hannunsa, wanda ya lotse ranar da Baba ya faɗi, yana ta ƙoƙarin buɗe shi da makulli.

Ya ji tafiyata bai waigo ba. Sai ya yi magana da Hausa, karo na farko da na taɓa ji daga bakinsa, tana fita a karkace kamar ta mai koyo.

"Daktor, ban iya ba. Daga ina ake farawa?"

Na ce ni ma ban iya ba, amma ga layi nan Baba ya ja, ya bi shi kawai. Na riƙe masa gwangwanin. Fentin ya yi kauri, sai da muka ɗiga masa fetur muka juya da tsinke. Ya fara daga ƙasa, shuɗin na gangarowa yana sharewa da gefen hannun riga. Ya shafe ƙofar da ke wangale, ya dawo ya cike ramin. Matakin ƙofa ya ɓace, gefen kujera ya ɓace. Mai baƙala ya fito ya tsaya, wasu masu dawowa daga masallaci suka tsaya. Launin bai dace da na jikin motar ba, sabon ya fi tsohon duhu, kuma ko makaho ya shafa ya san ba hannu ɗaya ba ne.

Da buroshin ya iso wajen na'ana'ar sai ya tsaya. Ya daɗe a haka, fenti na ɗiga a ƙafarsa. Sannan ya ja numfashi ya ci gaba, ya rufe ƙullin, ya rufe karan, yana hawa a hankali har ya taɓo farin layin da ke ratsa kujerar, inda gilashin taga zai fara. Nan allin ya ƙare, nan shi ma ya tsaya.

Muka ja da baya muka duba. Ƙofa ta rufu. Ashe Baba ya auna layinsa tun ranar da ya hau kujerar robar: ta cikin taga, daidai saman sabon fentin da bai bushe ba, kan ganyen na'ana'ar yana leƙowa, kore shar.

Suhaib ya ajiye buroshin a kan murfin gwangwani. Ya zauna a dakalin ƙofar gidan, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, babban yatsan a waje, shuɗin fenti ya cika farcen. Rana ta fara taɓa saman tulunan.